Tufafin zafi, tutoci da kayan gida: babban kanti ko kasuwa?

Maman Hanifa, Agege:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan sayayya a Legas. Jerin kayana kashi uku ne. Akwai tufafi marasa nauyi na manya da yara da za su ɗauki zafin garin nan. Akwai tutocin Najeriya na wata ƙaramar makaranta saboda bikin 1 ga Oktoba, manya biyu na sanda da kuma ƙanana na hannu kamar ɗari. Sai kayan gida: zanin gado, tukwane, kuloli, fanka, dutsen guga da wayar jona wuta. Shin in shiga babban kanti irin na Ikeja City Mall in gama komai rana ɗaya, ko in tsallaka kasuwar Balogun? Me ya kamata in duba a kowanne don kada in sayi abin da zai lalace cikin wata biyu?

Alhaji Mai Yadi, Idumota:

Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki haɗa jerin nan a wuri ɗaya, don kowane kashi da inda ya fi arha da inganci. Zan yi magana a kan tufafi.

Farko ki gane cewa zafin Legas ba irin na Kano ko Sakkwato ba ne. Can iska busasshiya ce, gumi na fita yana bushewa. Nan danshin teku ne ya cika iska, gumin sai ya zauna a jiki. Shi ya sa yadin roba, wato foliyesta, yake azabtar da mutum a nan: ba ya shan gumi, yana riƙe wari, kuma shi ke jawo wa yara ƙurajen zafi a wuya da baya. Abin nema shi ne auduga zalla, lilin, ko boyel mara kauri.

Kada ki dogara da takardar da ke wuyan riga kawai. A kasuwa ki roƙi mai shago ya yanko miki ɗan ƙyalle daga bakin yadin, ki zare zare biyu ko uku ki kusantar da wuta. Auduga tana ci kamar takarda, warinta na ƙonannen takarda ne, tokarta kuma tana murmushewa tsakanin yatsu. Roba tana narkewa ta dunƙule ta zama baƙin ƙwallo mai tauri. Idan kika ga toka haɗe da ɗan dunƙule, gauraye ne. A babban kanti ba za a bar ki ki ƙona komai ba, sai ki damƙe gefen rigar a tafin hannu kamar daƙiƙa goma ki saki: auduga da lilin za su yamutse, roba za ta miƙe tamkar ba a taɓa ta ba.

Sai zuba. Ki jiƙa farin hankici da ruwa ki goga a cikin kalmasar yadin. In launi ya biyo hankicin, to zai ɓata duk abin da aka wanke tare da shi. Ja, baƙi da shuɗi mai duhu su suka fi wannan hali.

Auduga tana ɗan tsukewa a wankin farko, don haka ki jiƙa yadi ki shanya kafin ki kai wa tela, rigunan yara kuma ki ƙara lamba ɗaya a kan girmansu na yanzu. Lambobin ma suna rikita mutane: rigar mace mai lamba 12 ta Ingila ita ce 40 ta Turai, ita ce 8 ta Amurka, kayan Sin kuwa galibi sun fi ƙanƙanta da abin da aka rubuta. Maganin wannan shi ne tef ɗin awo a jaka, da awon ƙirji, ƙugu da tsawon kowane yaro a rubuce. Atamfa turmi yadi 6 ne. Ki sa a auna a gabanki, musamman in an ce miki an yanko ta ne daga yadi 12.

Wajen saye: yadi da atamfa Balogun da Idumota, ko Oshodi in ba kya son tsallaka gada. Singileti, kamfai da safa na yara ki saya dozin-dozin, a nan sari yake da riba. Tunda kina Agege, Katangowa na kusa da ke ta wajen Abule Egba, in ba ki ƙi gwanjo ba. Ki je da sassafe ranar da ake fasa dila, don zaɓin farko shi ne mai kyau, ki kuma wanke da ruwan zafi ki goge kafin yaro ya sa. Babban kanti fa'idarsa a tufafi ɗaya ce: akwai ɗakin gwaji kuma ana ba da rasit. Amma ki lura, rangwamen kayan zafi da shagunan da ke bin tsarin Turai suke yi yakan faɗo ne wajen Yuli da Agusta, lokacin da mu muke cikin damina. Zafinmu mai tsanani daga Fabrairu ne zuwa Afrilu. Mai dabara sai ya saya a rangwamen ya ajiye.

Malam Sani Mai Buga Takardu, Shomolu:

Hajiya barka da ƙoƙari. Alhaji ya gama da tufafi, Allah ya ƙara girma. A kan tuta sai dai ki juya maganarsa: abin da ya hana ki a riga, shi ake so a tuta. Tutar da za ta kwana a waje foliyesta ce ta dace da ita, don tana bushewa da wuri bayan ruwa, ba ta nauyi, ba ta yin fumfuna. Tutar auduga in ta sha ruwan Satumba da Oktoba sai ta manne da sanda, ta yi baƙin ɗigo-ɗigo a farin tsakiya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne girma. Tutar Najeriya tsawonta ninki biyu ne na faɗinta, kashi uku daidai a tsaye: kore, fari, kore. Haka aka ɗaga ta ranar 1 ga Oktoba 1960, daga zanen da Michael Taiwo Akinkunmi ya yi a 1959. Da yawa daga cikin waɗanda ake shigowa da su a leda ƙafa 3 ne da ƙafa 5, wanda awon kasuwar Amurka ne. Namu ƙafa 3 da ƙafa 6 ne, ko santimita 90 da 180, kowane kashi santimita 60. Ki buɗe ledar ki auna kafin ki biya. Ki kuma tabbata ba mai tambarin gaggafa da dawakai a tsakiya aka miƙo miki ba. Ta makaranta fari ne fes.

Ga manyan biyun, ɗinki ya fi bugu. Wadda aka buga da inji sau da yawa gefe ɗaya ne ke da launi sosai, bayanta ya koɗe, kuma rana tana saurin cinye koren. Ki sayi yadi mai faɗin inci 60: kore yadi 2 da rabi, fari yadi 1 da kwata, zai fitar miki da tuta biyu. Tela ya yanka kowane kashi inci 26 da 38 saboda kalmasa, na gefen sanda kuma ya ƙara masa inci 3 don aljihun da igiya za ta bi. Ki gaya masa abu biyu. Haɗin kore da fari ya zama ninkakke mai layi biyu, irin na gefen wandon jins. Bakin da ke kaɗawa a iska kuma ya bi shi layi huɗu, don daga nan tuta ke fara yagewa, ba daga gefen sanda ba. In za a sa zobba, a sa na tagulla. Na baƙin ƙarfe zai yi tsatsa ya ɗiga a kan yadin. Gwajin hankicin da Alhaji ya faɗa ki yi wa koren lallai, domin in ya zuba, farin tsakiya ne zai sha.

Tuta mai ƙafa 6 tana son sanda mai kamar ƙafa 20. A kafa ta nesa da wayar wuta da kwanon rufi. A riƙa sauke ta da yamma, zai ninka mata kwana. In ta koɗe ko ta yage a canza ta, don dokar tuta da tambarin ƙasa ta haramta ɗaga tutar da ta lalace a bainar jama'a.

Ƙananan ɗarin kuwa, a babban kanti ɗai-ɗai za ki saya da tsada, in ma kin samu. Ki zo Shomolu ko Mushin ki ba da aiki, ko ki saya dozin a Idumota. Santimita 15 da 30 ya ishi hannun yaro. Ki ce a sa sandar roba mai dunƙulen kai, kada a sa tsinken tsire mai tsini, yara na guje-guje da su. Ki ba da aikin tun makon farko na Satumba. Daga tsakiyar wata injuna sun cika, farashi ya hau. Ki nemi samfur ɗaya ki gani da idonki kafin a buga sauran, ki kuma yi odar 110 don ba a rasa masu ɓallewa daga sanda.

Baban Sadiq, Ojo:

Yaya Maman Hanifa, kayan wuta su ne inda nake ganin babban kanti ko shagon dillalin kamfani ya cancanci ƙarin kuɗinsa, saboda garanti. A jona miki a gwada a wurin, a buga hatimi a katin garantin, lambar jikin na'urar ta yi daidai da ta kwali. Rasit ɗin injin kanti rubutunsa yana gogewa cikin 'yan watanni, ki ɗauki hotonsa ranar. Dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018 ta ba ki damar mayar da kayan da ya fito da lahani, ko da an manna takardar ba a mayar da kaya a bango. Ana kai ƙara hukumar tarayya mai kare haƙƙin mai saye, FCCPC, ko ta jihar Legas, LASCOPA.

Wutarmu 230 ce, filoginmu mai ƙafa uku masu faɗi. Duk abin da aka rubuta 110 ko 120 kawai a jikinsa na Amurka ne, kina jonawa zai ƙone. Wannan ya fi faruwa da kayan gwanjo. Wayar jona wuta kuma ita ce mai haɗarin gobara. Filogi mai fis (fuse) na amp 13 iyakarsa kusan wat 3000, dutsen guga da butar lantarki tare sun kai nan ko sun wuce. Masu arha cikinsu alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, suna zafi su narkar da roba. Ki ɗaga ki ji nauyi, ki duba kaurin da aka rubuta a jikin wayar, kada ya gaza 1.25mm² ko 1.5mm². Dutsen guga dai soket ɗin bango kai tsaye.

Fanka mai caji inci 16 ko 18: ki tambayi irin batirin da ke ciki da ko ana samun na canji a kasuwar Alaba. Batirin dalma yana mutuwa in ana barinsa ya ƙare ƙarƙaf, ko ya yi watanni ba caji.

Hajiya Mai Kayan Ɗaki, Idi-Araba:

Ƙanwata, na yarda da Baban Sadiq a kan wuta, amma tukwane, kuloli, bokitai da bahon wanki kada ki kai kuɗinki kanti. A kasuwannin Oke-Arin, Ebute Ero ko Trade Fair za ki same su da sauƙi, musamman in seti ne.

Tukunyar silba mara tsatsa ki juya gindinta ki nemi 304 ko 18/8 ko 18/10. Mai 201 tana ƙyalli a shago, amma iskar gishirin Legas tana fito mata da ɗigon tsatsa. Gwajin maganaɗisu ba ya raba su, don dukansu biyun ba sa kamawa sosai. Ki ƙwanƙwasa gindin: siriri yana kama tuwo da shinkafa a kan gas. Hannun da aka ɗaure da ƙusoshi ya fi wanda aka ɗan liƙa da walda. Kula kuma murfi ake dubawa: ki rufe ki ɗaga ta da murfin a hankali, in yana rawa ba za ta riƙe zafi ba.

Zanin gado ki auno katifar har da kaurinta. Katifa 6 da 6 mai kaurin inci 10 tana buƙatar zani aƙalla inci 100 kowane gefe kafin ya samu abin cusawa. Yawancin na cikin leda masu hoton gado mai kyau roba ne, ga shi gajeru, a daren Maris kuwa ba sa kwantuwa. Gara ki sayi yadin auduga mai faɗi ki ba tela, ki ƙara yadi 1 na rigunan filo biyu.

Hanya: daga Agege ki hau jirgin ƙasa na jan layi zuwa Oyingbo, daga nan mota zuwa Idumota, da katin Cowry na biyan kuɗin jirgi a hannu. Kada ki je Alhamis da safe, kasuwanni na shara sai ƙarfe 10 ake buɗewa, Lahadi kuma yawancin shagunan Balogun a rufe suke. Ki tafi da buhu ko jakarki, don tun Yulin 2025 jihar ta fara hana siraran ledoji. Ki yi ciniki da ɗan dako kafin ya ɗora kaya a kai, ki bi bayansa kusa, waya da kuɗi a gaban jiki. Masu tare mutum a bakin layi su ce za su kai shi shago, ladansu a cikin farashinki yake.

Maman Hanifa, Agege:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Malam Sani, tambaya ɗaya ta rage: koren wane iri zan ce wa mai yadi, don na ga wasu tutocin kamar ganyen lemo, wasu kuma sun yi duhu?

Malam Sani Mai Buga Takardu, Shomolu:

Tsaka-tsaki ne Hajiya, kore shar mai ƙarfi, ba mai ruwan ɗorawa ba, ba kuma mai duhun kakin soja ba. Ki fito da yadin bakin shago ki duba shi a hasken rana, don fitilar cikin shago tana canza launi. Koren tutocin biyu ki yanko shi daga bandir ɗaya, ki kuma yanki ɗan ƙyalle ki kawo wa mai buga ƙananan ya daidaita injinsa da shi.