Wai na saman tebur ɗan kwafi ne? Yadda aka kwashe a guruf ɗin Fantasi

Mai Lissafi: Salamu alaikum. Yau sai na faɗi abin da ke raina ko da admin zai cire ni. Wasan FPL ɗin nan, wato Fantasi na Firimiyar Ingila da kowa ke haɗa tim ɗinsa a intanet yana tara maki gwargwadon abin da 'yan wasansa suka yi a fili, babu wani ilimi a cikinsa, sa'a ce zalla. Na zauna na duba jadawalin wasannin da ke tafe, na duba wa ya ji rauni wa ya warke, na ci mainos 8, wato an cire min maki 8 saboda na wuce canjin kyauta, na shigo da mutum uku, na ba ɗan Man City kyaftin don a ninka min makinsa, kawai kocinsu Guardiola ya ajiye min shi a benci sai ana dab da tashi ya sako shi, maki 1 aka ninka ya zama 2. Da ma bai shigo ba gaba ɗaya da mataimakin kyaftin ya karɓa, shi kuwa ya ci ƙwallo. Amma wani ɗan kwafi yana can sama ya ƙara ba ni tazara. To ina ilimin yake don Allah?

Shiru-Shiru: Wa'alaikumussalam. Malam tunda ni ne a sama ai sai ka kira suna kawai. Waye ɗan kwafin?

Mai Lissafi: Ni ban kira sunan kowa ba. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Ɗan Gunners: Hhhh an fara

Shiru-Shiru: A'a tsaya. Tim ɗin wa na kwafa? Naka? Ana rufe canji saura minti 90 a take wasan farko na mako, kuma kafin a rufe babu mai ganin abin da wani ya canza. Ta ina zan ga naka? Kuma kai da kake ƙasa da ni me zan kwafa a wajenka, mainos 8 ɗin?

Mai Lissafi: Ba nawa ba. Na mutanen YouTube. An ce min duk daren Juma'a sai ka kalli bidiyonsu sannan ka taɓa tim ɗinka.

Shiru-Shiru: Wa ya ce maka?

Mai Lissafi: Wanda ya faɗa min yana cikin guruf ɗin nan yana karantawa.

Na Anfield: Ni kalmar kwafin nan ce ban gane ba wlh. Kowa fam miliyan 100 aka ba shi, 'yan wasa 15, gola biyu, 'yan baya biyar, 'yan tsakiya biyar, 'yan gaba uku, kuma ba ka ɗaukar sama da mutum uku daga kulob ɗaya. In ka sayi manya biyu kuɗin ya kusa ƙarewa, sauran dole ka bi masu araha da suke buga wasa, su kuwa ba yawa gare su ba. Dole tim ya yi kama da tim. A kakar 2024/25 Salah ya tara maki 344, ba a taɓa yi ba. Kenan duk wanda ya sa shi ɗan kwafi ne? Wanda bai sa shi ba shi ne mai matsala.

Ɗan Gunners: Ni ban sa shi ba kuma lafiyata ƙalau.

Na Anfield: Na nawa ka ƙare?

Ɗan Gunners: Ba wannan ake magana ba.

Hajiya Blues: Kwafi daban, neman shawara daban. Wanda ya saurari mutum uku ya auna ya zaɓa ba kwafi ya yi ba. Ɗan kwafi shi ne wanda zai ɗauki hoton tim ɗin wani ya jera har da benci, in ka tambaye shi me ya sa ka ɗauki wannan golan ya rasa ta cewa. Ni lokacin da Palmer ya zo Chelsea a 2023 fam miliyan 5 ne kuɗinsa, na ɗauke shi tun ana min dariya, ya ƙare kakar da maki 244 ya fi kowa. Daga baya duk kuka biyo ni, ban ce da kowa ɗan kwafi ba.

Ɗan Gunners: Anti da girmanki, don ɗan Chelsea ne kika ɗauke shi. Ko mai ɗaukar ƙwallo Chelsea ta saya sai kin sa shi.

Hajiya Blues: Kai da har yau ba ka taɓa sa ɗan Tottenham ba? Shekarar da Son ya raba takalmin zinare da Salah, ƙwallo 23 kowannensu, kana kallo ya wuce ka saboda gaba.

Ɗan Gunners: Gara na ƙare na ƙarshe da na yi murnar ƙwallon Tottenham. Wannan aƙida ce.

Sky Blue: Ku bar wannan, ni zaluncin da ke damuna shi ne a ce Salah ɗan tsakiya ne. Ɗan tsakiyar ina? Mutumin da kullum yana cikin yadi 18. Ya ci ƙwallo a ba shi 5, in ba a ci Liverpool ba a ƙara masa 1, Haaland ya ci a ba shi 4. Haaland ƙwallo 36 a 2022/23 maki 272, Salah ƙwallo 32 a 2017/18 maki 303. Masu shirya wasan nan 'yan Liverpool ne, ba mai canza min ra'ayi.

Na Anfield: Ina hujja?

Sky Blue: Ga lissafi nan a gabanka.

Na Anfield: Duk 'yan gefe haka ake rubuta su, Saka ma ɗan tsakiya ne a wasan, Foden ɗinku ma haka. Kuma Lundstram na Sheffield United a 2019/20 ɗan baya aka rubuta shi fam miliyan 4 alhali a tsakiya yake bugawa, kowa ya ci arziki, lokacin ba ka ce zalunci ba. Ka je ka yi wa kocinku magana shi ne ya jefa Mai Lissafi cikin wannan hali.

Sky Blue: Kocin da ya ci Firimiya huɗu a jere? Ba don tim ɗin Mai Lissafi yake zaɓen 'yan wasa ba.

Baba Dattijo: Yara ku dakata. Yaron nan cewa ya yi sa'a ce zalla, kun bar wannan kun kama wata. Mako ɗaya kam sa'a na da ƙarfi, amma mako 38 ake yi, kuma za ku ga kusan mutane iri ɗaya ne suke ƙarewa a sama. Ɗana, mainos 8 bashi ne, sai sababbin sun fi waɗanda ka fitar da maki 8 sannan ka dawo daidai. Yanzu ana iya tara canjin kyauta har biyar, haƙurin mako biyu da ya ba ka ukun ba tare da asara ba. Kyaftin kuma wanda ka tabbata zai buga minti 60 ake ba, in mai bugun fenareti ne ya fi, musamman in kulob ɗinsa na da wasan Turai a tsakiyar mako sai ka yi hattara. Ka kuma adana wayilkad (damar canza 'yan wasa ko nawa ba tare da mainos ba) da tiripul kyaftin (ninka makin kyaftin sau uku) zuwa lokacin da jadawali ya yi kyau ko makon da wasu ke buga wasa biyu.

Mai Lissafi: Na gode Baba, amma maganar kwafin tana nan.

Shiru-Shiru: To turo tim ɗinka in turo nawa mu ƙirga. Na duba yanzu, mutum takwas ɗinmu ɗaya ne. Ko dai kai ma bidiyon kake kallo?

Mai Lissafi: Ni don in ga kuskurensu nake kallo.

Ɗan Gunners: Innalillahi hhhhh

Hajiya Blues: Ƙanena ka huta haka.

Admin (Na Anfield): To jama'a za a rufe. Abin da aka cimma shi ne, na ɗaya babu ɗan kwafi a guruf ɗin nan, Mai Lissafi bai kawo shaida ba. Na biyu kowa ya amince Salah ne gwarzon da ba a taɓa yin irinsa ba a tarihin Fantasi, kuma ɗan tsakiya ne halak malak. Na uku duk wanda ya ba ɗan City kyaftin shi ya ja wa kansa. Maganar sa'a kuma Baba ya yi bayani, mai so ya hau sama ya karanta.

Sky Blue: Wa ya amince? Yaushe aka amince? Admin ka ji tsoron Allah.

Hajiya Blues: Palmer ɗina ko ambatonsa ba a yi ba.

Mai Lissafi: Shiru-Shiru duba inbos, ina so in tambaye ka wani abu kan wayilkad.