Daga Zanen Kaya Zuwa Rubuta Labaran Tarihin Birtaniya

Babbar shawara ga mai zanen kayan sawa da ya koma rubuta ƙagaggun labaran tarihin Birtaniya ita ce ya ja wa idonsa linzami. Ya san yadi, ya san launi, sai ya cika shafi uku da bayanin riga, labari kuma ya tsaya cak. Abu biyu sun isa a fage ɗaya, amma su dace da zamaninsu. Rinin shunayya na sinadari, alal misali, sai a 1856 William Perkin ya gano shi.

Kwanan wata ne ya fi kayar da mutane. Ingila ta riƙe tsohuwar kalanda har 1752, shekarar da aka kwana 2 ga Satumba aka wayi gari 14 ga wata. Kafin nan shekara a hukumance 25 ga Maris take kamawa. Shi ya sa takardun lokacin suka ce an fille kan Sarki Charles na Ɗaya a Janairun 1648, alhali a lissafin yau 1649 ce. Wanda bai lura ba sai ya kashe jaruminsa shekara guda kafin ajalinsa.

Kuɗi kuwa, kwabo 12 sule ne, sule 20 fam ɗaya, har 1971. Kada a ba Sarki Henry na Takwas shayi, domin shayin bai iso Landan ba sai wajen 1650 da wani abu, bayan zamaninsa.

Don jin yadda talaka ke magana, a karanta bayanan shari'o'in kotun Old Bailey ta Landan na 1674 zuwa 1913, suna intanet kyauta.