Mai fuka zai iya aikin Tarmit a cikin hunturu?

Ɗan Birni: Salamu alaikum. An ba ƙanena aikin tuƙi a gandun dajin duwatsun Tarmit, bayan Tasker, daga Disamba zuwa Fabrairu. Yana da fuka tun yarinta, Ventoline kawai yake shaƙa. Ya karɓa ko ya bari?

Direban Gure: Ya naɗa rawani, ya sha zuma da citta.

Majo Mai Ritaya: Rawani yashi yake tarewa. Hazon watannin nan daga kwarin Bodele na Cadi iska ke kwaso shi, ya fi gari laushi, har cikin huhu yake shiga. Sai takunkumin FFP2 mai tace ƙura da ya kama hanci. Ventoline buɗe hanyar numfashi kawai take yi. Ya ga likita kafin tafiya, a duba ko yana bukatar beklometazon na kullum, maganin shaƙa mai hana fuka tasowa. In ta taso masa: fesa 4 zuwa 10, ɗaya bayan ɗaya, ta cikin gorar roba ta rabin lita da aka huda gindinta, yana shaƙa ta bakin gorar, a maimaita bayan minti 20. In magana ta gagare shi, sai asibiti.

Hajiya ta Zango: Wane asibiti a wannan daji, Majo? Abin da ke kashe mutane gwangwanin Ventoline da ya ƙare ne. Fesa 200 ne a ciki, amma ko maganin ya ƙare iska na fita, mutum ya ɗauka da saura. Ga na 'yan tebur da ya yini a rana. Sai dare ya raba, ƙirji ya toshe, a fesa a fesa babu komai. Ya riƙa rubuta ƙidaya, ya tafi da 3 daga farmasi, kada ya bar su gaban mota zafi ya dafa su.

Direban Gure: Jaka 2 ne guda.

Hajiya ta Zango: Jaka 4, sai dai in na tebur kake nufi.

Auta: Direba ya koma likita, saura Majo ya karɓi sitiyari.

Direban Gure: Wanda ya san hanya ai shi ma a saurare shi. Ya rufe gilashi, kada ya bi ƙurar motar gaba, kuma kada su kwana da garwashi cikin tanti don sanyi.

Majo Mai Ritaya: Wannan kam gaskiyarka.

Malamar Sabon Gari: Kuna ta Tarmit, nan Damagaram fa? Kullum da magariba ana cinna wa bola wuta, da leda da tsohuwar taya, hayaƙin ya kwanta cikin unguwa, yara su kwana tari. Wa za a kai wa ƙara?

Ɗan Birni: Hajiya, Majo, to ya tafi ne ko kada ya tafi?