Wane yadi zan tsaya a kai? Kwastomomi sun fara dawo min da riguna

Ƴar Gwale:
Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah masu ɗinki da masu harkar yadi ku taimaka min da shawara. Wata takwas kenan da na fara ɗan kasuwancina, ina bada ɗinkin dogayen riguna na mata masu zubin abaya, in liƙa sunana a wuya in tallata a Instagram da WhatsApp. Da farko lafiya lau saboda biyar-biyar nake yi, sai da azumin nan na yi ƙundumbala na ɗinka guda arba'in saboda sallah, na shiga Kwari na ɗauko wani yadi mai laushi da santsi wanda wallahi in kin taɓa shi ba za ki so ki saki ba, mai shagon ya ce min kotin ne zalla. To bayan sallah da sati ɗaya aka fara kirana, wata ta ce wanki ɗaya rigar ta ɗage hannun ya dawo sama da tsintsiyar hannunta, wata kuma mai jan kala ce ta zuba ta ɓata mata farin hijabi da ta jiƙa su tare, guda bakwai aka dawo min da su, wata ma ba ta dawo da ita ba ta dai daina amsa saƙona, wannan ya fi min ciwo. Sannan kalar da aka fi so, wata ruwan toka, na koma in ƙaro aka ce ta ƙare kuma ba a san ranar da za ta sake shigowa ba. Yanzu ina so in sake ɗinki amma tsoro nake ji. Wane irin yadi ya kamata in riƙe, kuma ya ake gane mai kyau tun a shago?

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya mayar da alheri. Ni a layin yadi nake tun ina yaron shago, kuma daga yadda kika kwatanta, laushi da santsi ga ɗagewa bayan wanki, inaga biskos aka ba ki, wato wani yadi da ake sarrafawa daga itace a masana'anta, ba kotin ba. Shi biskos yana da sanyi a jiki kuma yana zuba da kyau, shi ya sa mata ke son shi, amma yana shan ruwa ya tsuke, kuma in yana jiƙe ba shi da ƙarfi, in aka murza shi da ƙarfi sai ya saki. Ba lallai mai shagon ƙarya ya shirya miki ba, da yawanmu duk abin da ba roba ba kotin muke ce masa, haka aka saba.

Abin da za ki dinga yi mai sauƙi ne, ki ce a yanko miki ɗan ƙyalle daga bakin bandir ɗin, ki koma gefe ki ƙyasta masa ashana. Kotin yana ci da wuta kamar takarda, warinsa ma na takarda ne, tokarsa kuma in kin murza ta sai ta zama gari. Roba kuwa ba ya ci sosai, narkewa yake yana tattarewa yana wari irin na leda, in ya huce sai ki ji wani ɗan dunƙule mai tauri. In gauraye ne za ki ga duka biyun. Sai dai fa wuta ba za ta raba miki kotin da biskos ba don dukkansu daga tsiro suke, iri ɗaya suke ci, wannan sai an gwada shi da wanki.

Sai maganar kalar da ta ƙare, nan ne masu fara sana'a irin taki suke faɗawa. Kaya a Kwari iri biyu ne, akwai wanda kullum yana nan shekara da shekaru, akwai wanda kwantena ɗaya aka shigo da shi daga Chaina ko Dubai in ya ƙare shikenan. Mai ɗinka wa kanta ba ruwanta, amma ke da za a ga hoto a ce irin wannan ake so bayan wata uku, dole ki tambaya: wannan mai dawowa ne? Kuma ko mai dawowa ne, ki sayi abin da zai ishe ki daga bandir ɗaya, saboda lambar kala ɗaya ce amma rini daban, sai ki ga gaban riga da hannunta sun ɗan saɓa in an fita rana.

Tela Mai Keke:
Ƙanwata laifin ba na yadi kaɗai ba ne, har da telanki, ki yi haƙuri na faɗa. Duk telan da ya san aikinsa in aka kawo masa yadin da bai saba da shi ba har na riga arba'in ai ba zai sa almakashi ba sai ya gwada. Ni abin da nake yi, in yanki rabin yadi, in auna inci 18 tsaye da kwance in sa alama da biro, a wanke shi da omo yadda mata ke wanki a gida ba wani lallaɓawa, a shanya a rana, a goge, in sake aunawa. In ya rage rabin inci ba komai wannan kotin ma yana yi, sai a ƙara a awo. In ya cinye inci ɗaya ko fiye to ki lissafa, rigar da tsawonta inci 58 sai ta rasa inci uku, kin ga ta tashi daga doguwar riga kenan. Irin wannan sai dai a jiƙa bandir ɗin gaba ɗaya ya gama tsukewarsa kafin a yanka.

Zuba kuma, ki samu farin ƙyalle ki jiƙa ki goga a jikin yadin da ƙarfi, in ya ɗauko kala to ki san zai ɓata wa mutane kaya, ja da baƙi da shuɗi mai duhu su suka fi wannan hali. Sannan ki ɗaga shi ki kalli rana ta ciki ki sa hannunki a baya, in kina ƙirga yatsunki to sai da shafi, shafi kuwa ƙarin kuɗi ne da ƙarin zafi. Wani yadin kuma sitati aka ɗura masa ya yi nauyi a hannu, wanki ɗaya ya zama kamar rariya.

Abu na ƙarshe da ba a cika lura ba, faɗi. Atamfa faɗinta bai cika wuce inci 46 zuwa 48 ba, yadin bandir kuwa da yawa inci 58 zuwa 60 ne, to wanda kike gani ya fi araha a yadi ɗaya in siriri ne sai ya ci miki yadi huɗu inda mai faɗi zai ci uku.

Maman Biyu:
Ni fa zan ɗan saɓa da masu zugin kotin ɗin nan. Shekara huɗu ina wannan sana'ar a Kaduna kuma gaskiya yadin da ya riƙe min kasuwa mai roba ne, kirep da nida, su ake yin yawancin abayar da ake kawowa daga Dubai muna rububi. Ba ya tsukewa, ba ya koɗewa da wuri, ba ya son guga, ƴar makaranta ko ma'aikaciya ta wanke da dare ta saka da safe. Kotin zalla kuwa kin zauna a adaidaita kin tashi duk ya yamutse, a hoto ma ba ya kyau. Matsalar roba zafi ne, wannan ba musu, a watan Afrilu da rana ke kai digiri 40 in kika sa wa mutum baƙar roba mai kauri kin zalunce shi, yana riƙe warin gumi kuma da hunturu ya dinga mannewa a ƙafa yana ƙyas-ƙyas. Shi ya sa na raba, na fita unguwa da biki kirep mara nauyi, na zaman gida da zafi kuma kotin ko boyel, kuma ina rubutawa ƙarara a ƙasan hoto, har yadda za a wanke ina sa ƴar takarda a cikin leda. Tunda na fara haka rigima ta ragu sosai.

Shawarata kar ki wuce yadi iri biyu yanzu. Ki san su kamar yunwar cikinki, telanki ma ya san su, kala kawai za ki dinga canzawa. Kuma duk sabon yadi ki fara ɗinka wa kanki ki saka shi sati biyu kina wankewa, ke ce kwastomar farko.

Ɗan Kwari:
Maman Biyu ta faɗi gaskiya, akwai ma na tsakiya wanda ake haɗa roba kashi 65 da kotin kashi 35, irin wanda ake yunifom da shi, yana da juriya. Kuma Hajiya in wata rana za ki shiga atamfa ko shadda ki kula da suna. Shaddar Getzner a Ostiriya ake yin ta, atamfar Vlisco kuma da muke ce wa Holan tun 1846 kamfanin yake, amma yau duk wanda ya yi suna akwai mai kama da shi a kasuwa har da tambari. Ba laifi ba ne ki yi aiki da mai sauƙin kuɗi, ni ma ina sayarwa, laifin ki biya kuɗin na asali a ba ki kwaikwayo ko ke ki ce wa kwastoma na asali ne. Da can da masaƙun Kaduna da Kano ke aiki ai sai ka san daga inda yadi ya fito, yanzu kusan komai daga waje yake, to amana ce kawai tsakaninki da mai shago, ki riƙe mutum ɗaya ko biyu da za su gaya miki gaskiya ko da ba za ki saya ba ranar.

Ta Maraɗi:
Sannunku da aiki. Ni abu ɗaya zan ƙara tunda mu nan da mita muke awo ku kuma da yadi. Yadi santimita 91 ne da ɗan ɗori, mita kuwa 100, wato mita 10 ya kusa yadi 11, in kina sayen bandir ki tambaya da wanne aka rubuta kuma a auna a gabanki, na taɓa biyan kuɗin mita aka auna min yadi, sai da muka zo yanka riga ta ƙarshe ta rasa hannu. Sannan waɗanda aka dawo miki da su kar ki zubar, tunda sun riga sun gama tsukewa a rage su su zama na ƴan mata, za su shiga.

Ƴar Gwale:
Kai na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, wallahi kamar kun ga abin da ya faru. Ɗazu na ɗauko ragowar ƙyallen na ƙona, toka ya yi ba dunƙule, na kuma auna rigar da aka dawo da ita da wadda ba a taɓa wankewa ba, bambancin ya kusa inci uku kamar yadda Malam Tela ya lissafa. Gobe in sha Allah zan shiga kasuwa in yanko rabin yadi-rabin yadi kala uku in gwada. Anti Maman Biyu dan Allah kirep ɗin da kike ɗauka mara nauyin, kina sa masa shafi ne ko haka kike barinsa? Don masu sayena da yawa kala mai haske suke so.

Maman Biyu:
Masu duhu ba na sawa. Masu haske kuma daga ƙugu zuwa gwiwa kawai, da kotin mara nauyi, kuma shi ma shafin ki jiƙa shi tukuna, in ba haka ba shi zai tsuke ya tattaro miki rigar ta ciki.