Digiri na biyu a injiniyanci: me ya sa suna ɗaya yake nufin abubuwa dabam a ƙasashe dabam?

Ɗalibin lantarki ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da yayyena a wannan fanni. Na kammala digirin farko a injiniyancin lantarki shekara biyu da suka wuce, tun daga lokacin nake aiki a wani kamfani, yanzu kuwa na ƙudurta komawa karatu domin digiri na biyu. Da na zauna ina kwatanta tsare-tsaren jami'o'in ƙasashe daban-daban sai kaina ya ɗaure. A Birtaniya ana gama digiri na biyu mai suna MSc cikin wata 12, a Jamus kuwa sai an yi shekara biyu cur, alhali sunan takardar ɗaya ne. Abin da ya fi rikita ni shi ne digirin da ake kira MEng, domin wata jami'a a Ingila ta nuna cewa wanda ya gama sakandare ne yake neman shigarsa, wata kuma a Amurka ta ce sai mai digirin farko. Ina roƙon waɗanda suka bi wannan hanya su warware mini: shin digirin shekara ɗaya ya kai na shekara biyu daraja? Kuma wanne ya kamata in nufa, tunda ina da sha'awar ci gaba zuwa digiri na uku in Allah ya ba da iko?

Tsohon malamin jami'a ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na ji daɗin cewa ka tsaya ka yi tambaya kafin ka cike takardar neman gurbi, domin na ga ɗalibai masu hazaƙa da suka zaɓi shiri saboda haruffan da ke jikin sunansa, sai da suka shiga suka tarar ba abin da suke nema ba ne.

Kowace ƙasa ta gina digirinta na biyu ne a kan digirinta na farko, don haka ba za a gane na saman ba sai an duba na ƙasan. A Ingila digirin farko na injiniyanci, wato BEng, shekara uku ne, kuma tun ranar farko ɗalibi fanninsa kawai yake karantawa. Hukumar injiniyoyi ta Birtaniya ba ta ba mutum babban matsayin ƙwarewa na CEng sai iliminsa ya kai matakin digiri na biyu, wannan ne ya sa jami'o'i suka ɗinke matakan biyu wuri ɗaya suka kira shi MEng, wanda ake yi cikin shekara huɗu a Ingila, biyar a Sukotilan. Shi ya sa ka ga ɗan sakandare ne yake neman sa. Kai da kake da digiri a hannu, wannan ƙofa ba taka ba ce. Taka ita ce MSc, wanda nauyinsa kiredit 180 ne a lissafinsu na yawan aikin karatu, yawanci 120 na darussa da ake yi daga Satumba ko Oktoba zuwa wajen Mayu, sauran 60 kuma na aikin bincike a watannin da suka rage. Babu dogon hutu a cikinsa, saboda haka shekarar cikakkiya ce, ba irin shekarar karatu da aka saba ba.

A Amurka labarin ya sha bamban. Digirin farko shekara huɗu ne, kuma ana cakuɗa shi da darussan da ba na injiniyanci ba. Digiri na biyu, wanda suke kira MS, yana ɗaukar kiredit 30 ko kusa da haka a nasu ma'aunin, ana yin sa cikin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma a jami'o'i da yawa ɗalibi ne yake zaɓar ko zai rubuta kundin bincike ko kuwa darussa zalla zai yi. MEng a wurinsu digiri ne na wanda yake son ya ƙaro ƙwarewa ya koma masana'anta. A Jami'ar Cornell, alal misali, shekara ɗaya ake yin sa, da aikin ƙira a madadin kundin bincike. Mutanen Kanada sun fi kowa sauƙaƙa wa mai nema, domin jami'o'insu da dama sun raba sunayen fili: MASc na bincike ne, MEng na darussa. Tunda zuciyarka tana ga digiri na uku, ka nemi shirin da yake da kundin bincike na gaske, ko a wace ƙasa yake. A ganina MSc na Birtaniya daga sashe mai ƙarfi ya wadatar.

Injiniyar ƙere-ƙere ta amsa:

Ina gaida Malam, Allah ya ƙara lafiya. Na amince da kusan duk abin da ya faɗa, sai dai ina neman izinin in saɓa masa a jimlarsa ta ƙarshe, domin ni a Jamus na yi nawa digirin, kuma na zauna a ɗakin gwaje-gwaje ɗaya da waɗanda suka zo da na shekara ɗaya.

Ƙanena, akwai ma'aunin nauyin karatu da ƙasashen Turai suke amfani da shi tare, mai suna ECTS, inda shekarar karatu ɗaya take daidai da maki 60. Ya samu karɓuwa sosai bayan yarjejeniyar Bolonya ta 1999, wadda ministocin ilimi na ƙasashe 29 suka sanya wa hannu domin a raba karatun jami'a zuwa matakai masu kama da juna. A wannan ma'auni MSc na Birtaniya maki 90 ne, na jami'o'in Jamus da na Holan kuwa 120. Tazarar maki 30 ce, wato zangon karatu guda, kuma a Jamus ana keɓe zango guda gaba ɗaya ga kundin bincike. Wata shida na yi ba na halartar ko darasi ɗaya, kullum ina kan na'urar gwaji, gwajin ya lalace in sake, har sai da na fahimci dalilin lalacewarsa. A cikin wata uku irin na Birtaniya mutum yana iya rubuta aiki mai kyau, amma da wuya ya samu sararin yin kuskure ya gyara, ni kuwa a nan ne na koyi bincike.

Dalilin tsawon nan yana cikin tarihi. Kafin Bolonya, injiniyan Jamus ba ya tsayawa a tsakiya, karatu ɗaya ne yake yi na kimanin shekara biyar ya fito da takardar Diplom, har yau ma Jami'ar Fasaha ta Dresden tana bayar da ita a wasu fannoni. Da aka raba shi gida biyu, manyan jami'o'in fasaha sun ci gaba da ɗaukar digiri na biyu a matsayin ainihin kammalawar injiniya. Wannan yana da tasiri kai tsaye a kanka, domin idan ka nemi gurbi ba sakamakonka na ƙarshe kawai za su duba ba, za su bi takardar darussanka ɗaya bayan ɗaya su ƙirga yawan lissafi da tushen fanni da ka yi, kuma suna iya ƙin ɗaukar mai sakamako mai kyau ko su gindaya masa darussan cike gurbi. Ka kuma lura cewa makarantun iri biyu ne. Akwai jami'o'in da suka karkata ga nazari da bincike, akwai kuma manyan makarantun kimiyyar aiki, inda sau da yawa digirin farko zango bakwai ne har da zangon sanin makamar aiki, na biyu kuma zango uku. Dukansu digiri ne karɓaɓɓe, amma hanyar zuwa digiri na uku ta fi miƙewa daga jami'o'in nazari da bincike.

Abu ɗaya da ba a cika gaya wa baƙo ba shi ne yadda ake jarrabawa. A darussa da yawa jarrabawa ɗaya ce a ƙarshen zango take yanke makin duka, babu wanda zai bi ka da tambayar ko ka yi karatu, kuma adadin zaman jarrabawar ƙayyadadde ne, galibi sau uku gaba ɗaya. Wanda ya faɗi darasin dole a zama na ƙarshe ya rasa gurbinsa a wannan fanni. Wanda ya saba da tsarin Amurka, inda aikin gida da gwajin tsakiyar zango suke tara maki a hankali, yana bukatar ya sake tarbiyyar kansa.

Mai aikin gadoji ya amsa:

Sallama ga kowa. Ba a ambaci Faransa ba, kuma tsarinta yana da tarko ga wanda bai sani ba. A can takardar da ta fi kima a idon masu ɗaukar aiki ba ta jami'a ba ce, ita ce difilomar injiniya da manyan makarantu na musamman suke bayarwa bayan shekara biyar daga kammala sakandare, sau da yawa biyu na shirin jarrabawar gasa, uku a makarantar kanta. Kalmar difiloma kada ta ruɗi kowa, domin a hukumance tana daidai da digiri na biyu, kuma makaranta ba ta da ikon bayar da ita sai da amincewar hukumar tantance makarantun injiniya, wato CTI, wadda doka ta kafa tun 1934. Zaman koyon aiki a kamfani wajibi ne a cikinta. Jami'o'i kuma suna da nasu digiri na biyu na shekara biyu, wanda shi ma na ƙasa ne. Tarkon shi ne shirin da ake kira Mastère Spécialisé. Sunansa ya yi kama da digiri na biyu, yana kuma da amfani ga mai neman ƙwarewa a wani ɓangare, amma tambari ne na ƙungiyar manyan makarantun, ba digirin ƙasa ba. Mai niyyar digiri na uku ya tabbatar da matsayin takardar kafin ya sa hannu.

Ɗalibin lantarki ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na gane cewa MEng na Ingila ba nawa ba ne. Saura abu biyu, Malam. Shin digiri na uku ma haka ya bambanta? Sannan na ji ana maganar yarjejeniyar Washinton, shin ita za ta sa a karɓi digirina na biyu a kowace ƙasa?

Tsohon malamin jami'a ya sake amsawa:

Kafin in amsa maka, bari in ce Injiniya ta yi gaskiya a kan tsawon lokacin bincike, na kuma karɓi gyaranta da hannu biyu. Ina nan a kan cewa mai MSc na Birtaniya yana shiga digiri na uku a Birtaniya ba tare da wata matsala ba, amma idan Jamus ya nufa, kwamitin da ke karɓar ɗaliban digirin yana da ikon ƙirga makinsa na ECTS ya ɗora masa ƙarin sharaɗi, don haka maganata ta farko ta yi faɗi fiye da kima.

Bambancin digiri na uku ya ma fi na biyu girma. A Amurka ana iya shigarsa kai tsaye daga digirin farko, ɗalibi ya yi shekara ɗaya ko biyu yana darussa, ya zauna jarrabawar cancanta, sannan ya duƙufa kan bincike, duka ya ɗauki shekara biyar zuwa shida, kuma yawanci yana riƙe kansa ne da aikin taimaka wa malami a koyarwa ko a bincike. Wannan yana nufin cewa idan can ka nufa, digiri na biyu na dabam ba dole ba ne. A Birtaniya shekara uku zuwa huɗu ne, kusan babu darussa, domin an ɗauka ka zo da shirinka, a ƙarshe kuma ka kare kundinka da baki a gaban masu jarrabawa biyu, ɗaya na cikin jami'ar, ɗaya daga waje. A Holan shekara huɗu ne, kuma mafi yawan masu yin sa ma'aikatan jami'a ne masu albashi da kwantiragi. Haka abin yake a sassan injiniyanci na Jamus, inda mutum yake aiki a cibiyar farfesa, yana kula da ayyukan da masana'antu suka ba da kwangila, yana duba ɗalibai, kundinsa yana fitowa daga cikin wannan aikin, shi ya sa yakan kai shekara biyar. A waɗannan ƙasashe biyu gurbin aiki ake nema, kuma kundinka na digiri na biyu shi ne abin da za a fara tambayarka.

Ita kuwa yarjejeniyar Washinton, an ƙulla ta a 1989 tsakanin hukumomin tantance karatun injiniyanci na ƙasashe shida: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostireliya, Ayalan da Niyu Zilan, daga baya wasu da yawa suka shiga. Abin da ta shafa shi ne digirin da ake shiga aikin injiniya da shi tun farko, ba MSc ko digiri na uku ba. Lasisin aiki ma a kan wannan tushe yake tsayawa. A Amurka jihohi ne suke bayar da lasisin ƙwararren injiniya, wato PE, hanyar da aka saba kuwa ita ce digirin farko da hukumar tantance karatun injiniyanci mai suna ABET ta tantance, da jarrabawar tushen injiniyanci, wato FE, da aiki na kimanin shekara huɗu, sannan jarrabawar ƙarshe. Jihohi da dama suna lissafa digiri na biyu a matsayin shekara ɗaya ta ƙwarewa, amma ba ya goge matsalar digirin farko da ba a tantance ba.

Injiniyar ƙere-ƙere ta ƙara da cewa:

Na gode wa Malam da wannan karamci. Ƙanena, kowane sashe a Jamus yana wallafa littafin darussansa a intanet, inda aka rubuta makin kowane darasi da yadda ake jarrabawarsa, jami'o'in Birtaniya ma suna da irin wannan takarda ga kowane shiri. Ka sauke na shirye-shirye uku da suka fi kwanta maka, ka duba wata nawa aka ba kundin bincike da kuma ko a ɗakin gwaje-gwaje ake yin sa. Idan ka turo mini jerin darussan da ka yi a digirin farko, ba tare da sunanka ko lambarka ba, zan taya ka ƙirga lissafin da ke ciki kafin ka nemi gurbi.