Neman shawara: Maganar da na furta cikin fushi ta hana ni barci

Mai neman shawara:
Salama a gare ku cikin sunan Ubangiji. Iyayena da 'yan'uwana, ina cikin damuwa. Ina da wata aminiya wadda muka yi ajin baftisma tare shekara 11 da suka wuce, muka shiga ƙungiyar mawaƙa a wata ɗaya, kuma ni ce na kwana da ita a asibiti lokacin da ta haifi ɗanta na fari, har na ajiye aikina na kwana uku saboda ita, ban kuwa taɓa yi mata gori ba. A watannin baya ta gaya mini wata matsala da ke tsakaninta da maigidanta, ni kuma da abin ya yi mini nauyi sai na kawo shi a taron addu'armu na mata, ba tare da na ambaci sunanta ba. Maganar ta fita har ta koma kunnenta. Ranar Lahadi bayan sujada ta tare ni a ƙofar majami'a ta gaggaya mini magana a gaban mutane, ni ma raina ya ɓaci na ce mata, "Da irin wannan bakin naki gidanki ba zai taɓa zama lafiya ba." Bayan mako biyu maigidan ya kwashe kayansa ya fita. Tun ranar ba na samun barci, domin a Littafi Mai Tsarki, Karin Magana 18:21 ta ce mutuwa da rai suna hannun harshe. Shin bakina ne ya kama ta? Ga shi Lahadi mai zuwa za a yi Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu, ban san ko in ci ba.

Wata uwa:
'Yata, magana tana da iko, kada ki ɗauke ta da wasa. Ki yi azumi, ki durƙusa ki janye abin da kika furta da bakin da kika furta shi, sannan ki sa wa gidan albarka. Ni da kike gani, wata ta taɓa ce mini 'ya'yana ba za su yi karatu ba, kuma har yau idan mun haɗu a sujada sai ta ɗauke kai kamar ni ce na yi mata laifi.

Wani dattijo:
Ɗiyata, ki bar zancen kamun baki, domin matsalar gidan nan ta riga maganarki, shi ya sa ma matar ta zo wurinki tun farko. Laifinki yana wani wuri dabam, kuma shi ne kika wuce da sauri a bayaninki. An ba ki amana, kika kai ta gaban taro da sunan addu'a. Karin Magana 11:13 ta ce mai tsegumi yana tona asiri, amintacce kuwa yana rufe magana. Yakubu sura 3 ya kwatanta harshe da linzamin doki, da ɗan ƙaramin abin da ake juya babban jirgin ruwa da shi, da kuma 'yar wutar da ke cinye kurmi, wutarki kuwa a taron nan kika kunna ta. Game da Jibi, Matiyu 5:23-24 bai bar wurin gardama ba: idan kin tuna 'yar'uwarki tana da wata magana a kanki, ki bar baikonki a gaban bagade, ki je ku shirya tukuna. Ki je gidanta kafin Lahadi, ke kaɗai.

Mai neman shawara:
Baba, na gode, amma ban faɗi sunanta ba, kuma mu bakwai ne kawai a wurin. Da niyyar alheri na yi. Ita ce fa ta fara ci mini mutunci a gaban jama'a, alhali Matiyu 18:15 ya ce ta same ni tsakaninmu biyu.

Wani dattijo:
A cikin mata bakwai da suka san ku tare shekara 11, wace ce ba za ta gane wadda kike nufi ba? Ayar da kika kawo tata ce, ita za ta amsa a kanta. Taki kuwa na riga na ba ki.

Wata 'yar'uwa:
Da girmamawa, Baba, ban yarda ta je gidan yanzu ba. Mace da mijinta ya fita cikin makon nan ba ta da kunnen jin ban haƙuri, kuma zuwan zai iya zama sabon faɗa. Gara ta nemi matar fasto ta shiga tsakani. Sannan me ya sa kowa ya yi shiru a kan wadda ta kwashi maganar daga taron ta kai waje? Irin wannan ne ya sa na daina kawo roƙon addu'a a gaban kowa, tun da aka yi da rashin lafiyar ƙanwata.

Wani dattijo:
Idan aka sa matar fasto, an ƙara kunne na takwas ke nan a kan asirin da mai shi ba ta so ko na biyu ya ji ba.

Wani ɗan'uwa:
'Yar'uwa, ba ki gaya mana ko kin neme ta tun da abin ya faru ba, ko da ta waya ce.

Mai neman shawara:
Na rubuta mata saƙo sau biyu na goge, domin duk yadda na fara sai in ga kamar ina ɗaukar laifin rabuwarsu ne gaba ɗaya, alhali ba ni na kore shi ba. Mama, na fara azumin tun jiya. Baba, zan yi addu'a a kan zuwan, amma ina ganin ya kamata ita ma ta san cewa abin da ta faɗa mini a ƙofar majami'a ya yi mini ciwo. Idan ban je ba kafin Lahadi, laifi ne in zauna a kujerata a miƙa ƙoƙon ya wuce ni?