Ku taya ni gane shekarun hotunan kulob ɗin unguwarmu na Madani

Ɗan Madani ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tsofaffin hotuna uku na kulob ɗin ƙwallon unguwarmu a Wad Madani da ke Sudan, ina neman wanda zai taimaka mini in san shekarun da aka ɗauke su. Na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Da yaƙi ya fito da mu daga Madani a Disambar 2023, mahaifiyata ta haɗa su da takardun gida a cikin gwangwanin alewa, ta ƙulle a bakin zani. Yanzu muna Gadarif. Kulob ɗin na unguwa ne, yawancin 'yan wasansa Hausawa ne, 'ya'yan masu aikin auduga a Jazira da 'yan tireda. Bai taɓa kai matsayin Ahli ko Ittihad na Madani ba, don haka babu jaridar da zan buɗe in same shi.

Na farko baƙi da fari ne, bai cika tafin hannu ba, gefensa a yanke kamar haƙoran zarto. Mutum shida a tsaye, biyar a tsugune, Baba na biyu daga dama cikin na tsugune, hannunsa a kan ƙwallon fata mai igiya a baki. Uku daga cikinsu ba takalmi, sai ƙyalle da suka naɗe idon sawu da shi. A hagu akwai tuta a kan sanda, iska ta ɗan buɗe ta. A baya akwai hatimin mai hoto da tawada ruwan goro wadda ta koɗe, da sunaye da fensir a rubutun Larabci, sannan shekara: 138, lamba ta huɗu gara ta cinye.

Na biyu shi ma baƙi da fari, a cikin ɗaki. Kofi a kan tebur, wani mai kwat yana miƙa wa kyaftin hannu, a bango kuma an rataye hoton wani mai kayan soja, amma fuskar ba ta fito ba. Bayansa babu komai.

Na uku mai kala ne, duk ya rine ya koma ja, kusurwoyinsa a zagaye. A nan Baba ya bar wasa, yana gefe da jallabiya da rawani. Yaran sun tara suma, ƙwallon mai ɗigon baƙi da fari ce, can baya kuma ga wata bas a kan titi.

Yayana ya dage cewa biyun farko na 1970 ne, shekarar da Sudan ta ci kofin Afirka, saboda Baba bai gajiya da ba da labarin wasannin da aka buga a filin Madani a lokacin. Ni dai zuciyata ba ta kwanta da haka ba, don a hoton farko Baba saurayi ne ɗanye, ko gashin baki babu. Me kuka gani?

Tsohon mai hoto, Bur Sudan, ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya saka wa mahaifiyarka da alheri da ta tuna da hotunan nan a ranar da kowa ke ta kansa. Ni a ɗakin wanke hoto na yi ƙuruciyata har na tsufa, bari in faɗa maka abin da na sani.

Fara da shekarar da ke baya, don ita ce hujjarka mafi ƙarfi. Wanda ya rubuta 138 da hijira yake ƙirga, kamar yadda iyayenmu almajirai suka saba. Shekarar 1380 ta kama a tsakiyar 1960, 1390 kuma ta kama a Maris na 1970. Ko wace lamba gara ta ci, hotonka yana tsakanin nan. Sai dai ka sa gilashin ƙara girma ka tabbatar takwas ce ba bakwai ba, don a lambobin Larabci juya ɗaya ce ke ba da ɗayar, kuma fensir idan ya shafe yana ruɗin ido.

Sai tuta. Daga samun 'yanci a 1956 har Mayun 1970 tutar ƙasar nan layi uku ce a kwance, shuɗi a sama, rawaya a tsakiya, kore a ƙasa, babu kusurwa uku a jikin sanda. Ta yanzu kuwa, mai ja da fari da baƙi, tana da koren kusurwa uku a gefen sanda. A hoton baƙi da fari ba ka ganin launi, amma kana ganin duhu da haske. Idan layin ƙasa ya fi kowanne duhu kuma ga kusurwa, sabuwa ce. Idan babu kusurwa, kuma na ƙasa bai kai baƙi ƙirin ba, tsohuwa ce. Amma ka lura, wannan ba zai raba gardamarka da yayanka ba, domin a Fabrairun 1970 aka buga kofin Afirka, Sudan ta ci Ghana ɗaya da nema a wasan ƙarshe, kuma a lokacin tsohuwar tuta ake ɗagawa. Ta wannan fuska maganar yayanka ba ta faɗi ba tukuna.

Abin da zai raba ku shi ne sojan da ke bango a hoto na biyu. Tsakanin 1960 da 1970 shugabannin ƙasa sojoji biyu ne aka rataye hotonsu a ofisoshi da kulob-kulob: Ibrahim Abbud, daga Nuwambar 1958 zuwa juyin Oktobar 1964, da Ja'afar Numeiri daga Mayun 1969. Ko fuska ba ta fito ba, siffa tana fitowa. Abbud dattijo ne a lokacin, ƙirji cike da lambobin girma. Numeiri kuwa bai cika arba'in ba da ya hau, matashi ne mai faɗin kafaɗa. Idan Abbud ne, kuma mahaifinka bai canza kama tsakanin hotunan biyu ba, ka dawo tsakanin 1380 da 1384 ke nan, 1970 ta fita.

Takardar kanta tana magana. Shafa bayanta da yatsa. Tsohuwar takardar hoto bayanta takarda ce sosai, tana karɓar fensir, tana nannaɗewa idan ta sha zafi. Mai santsin roba sai a ƙarshen shekarun 1960 ta fito a Turai da Amurka, mu nan kuwa ta daɗe kafin ta zo hannunmu. Yankan zarto a gefe mun yi shi sosai a da, almakashi ne na musamman, daga baya aka daina yayinsa. To amma a kula da abu guda: takarda tana faɗin ranar da aka wanke hoto ne, ba ranar da aka ɗauka ba. Sau da yawa mutum kan zo mana da tsohon fim bayan shekaru ya ce a sake fitar masa da guda goma sha ɗaya, kowane ɗan wasa ya samu nasa. Haka kuma mai hoton ƙauye kan yi shekaru yana cin kwalin takarda ɗaya. Saboda haka kada ka tsaya a kan shaida guda, sai biyu ko uku sun haɗu.

Hatimin nan da ya koɗe, kai shi bakin taga da hantsi, ka karkata shi hasken ya bi ta gefe. Ko tawada ta tafi, wurin da aka danna yakan bar gurbi. Idan akwai lambar tarho ka ƙirga yawan lambobinta, gajeriyar lamba tsohuwa ce. Masu hoton da suka san darajar aikinsu, irin marigayi Rashid Mahdi na Atbara, suna adana fim ɗinsu da lamba da rana, shi ya sa har yau ake sanin shekarun hotunansu. Na unguwanninmu kaɗan ne suka yi haka.

Masoyin Marikh, Jidda, ya rubuta:

Baba mai hoto ya gama magana a kan biyun farko, Allah ya ƙara lafiya. Ni na ukun zan taɓa. Ƙwallo mai ɗigon baƙi da fari gasar duniya ta 1970 a Meziko ce ta yaɗa ta, don haka hoton bai riga wannan shekara ba, kuma kafin ta iso filin unguwa a Madani ai an ɗau lokaci. Tara suma da wando mai faɗin ƙafa, wanda muke ce wa sharliston, yayin shekarun 1970 ne.

Bas ɗin ma ka dube ta da kyau. Har 1973 a hagun titi ake tuƙi a Sudan, a shekarar aka koma dama. Idan tafiya take yi ba a ajiye take ba, gefen da take bi zai gaya maka kafin ne ko bayan. Amma ka fara duba rubutu ko lambar da ke jikin riguna, don wani lokaci mai wanki kan kifa fim, dama ta koma hagu.

Wani abu kuma: a 1976 Numeiri ya rusa kulob-kulob, har da Hilal da Marikh, ya ce a koma wasan jama'a a unguwanni. Ba a daɗe ba aka janye, amma a tsakanin nan 'yan wasa da yawa sun fice zuwa Saudiyya da maƙwabtanta, wasu kuma suka riƙa bugawa a filayen unguwa. Idan ka ga wata baƙuwar fuska a hoton wadda ba ta unguwarku ba, kada ka yi mamaki. Kuma don Allah rigunan wane launi ne? Idan ja da rawaya ne irin na Marikh to mutanenmu ne.

Hajiya daga Kasala ta rubuta:

Ɗana, duk kuna ta duban tuta da takarda, ga mai amsa zaune kusa da kai. Mahaifiyarka fa? Mu mata ba mu je fili ba, amma mu muka wanke rigunan nan, mu muka dafa shayin ranar da aka kawo kofi. Kada ka ce mata "wace shekara ce", ba za ta ba ka lamba ba. Ce mata: an yi aurenku ko ba a yi ba? Wa aka haifa a lokacin? Kafin a kwaso mutanen Halfa zuwa Khashm al-Girba ne ko bayan? Wannan a 1964 aka fara. Kafin mazan unguwa su tafi aikin madatsar Rusairis ne ko bayan sun dawo? An gama ta a 1966. Da irin wannan muke riƙe lokaci.

Kuma ka karanta mata sunayen da ke baya ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ka bar ta ta yi ta magana ko ta saki hanya. Sa wayarka ta naɗi muryarta. 'Yan unguwarku yanzu sun watsu, wasu Sinnar, wasu Mai Wurno wurin dangi, wasu nan Kasala, wasu Makka. A cikin sha ɗayan nan da wuya a rasa mai rai ko matarsa.

Ɗan Madani ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga abin da na samu.

Baba mai hoto, na bi yadda kuka ce. Takwas ce, ƙafafunta biyu a ƙasa suke. Tuta babu kusurwa. Sojan bango kuwa na ɗauke shi da waya na buɗe shi sosai: dattijo ne, ƙirjinsa duk lambobi, ban ga alamar Numeiri a jikinsa ba. A hatimi na iya karanta "Madani" da rabin wata kalma, lambar tarho babu.

Gwaggo Hajiya, shawararku ta yi amfani fiye da yadda na zata. Da na karanta wa Inna sunayen, a na huɗu ta tsayar da ni. An rubuta sunan mutumin, a gaba kuma an ƙara "Gagarin". Ta ce maƙwabcinsu ne, ana kiransa haka saboda tsallen da yake yi idan zai buga ƙwallo da kai. Ba shi ne Ali Gagarin na Hilal ba, wannan namu ne na unguwa. To Yuri Gagarin a Afrilun 1961 ya tafi sararin sama, ba yadda za a yi a laƙaba wa wani sunan kafin nan. Ta kuma ce ranar kofin tana budurwa, daga kan katangar gidansu ta ga ana zagayawa da shi da kalangu, kuma an ɗaura aurensu da Baba ne bayan faɗuwar Abbud da 'yan watanni. Ke nan hoto na biyu yana tsakanin tsakiyar 1961 da ƙarshen 1964, na farko kuma ko tare suke ko ya ɗan riga shi, tunda mutum tara na ƙirga a cikinsu duka biyun, riguna kuma iri ɗaya. Yayana ya yarda, sai dai ya ce labarin 1970 da Baba ke bayarwa na kallo ne ba na wasa ba, kuma haka ne, a lokacin yana da 'ya'ya biyu.

Masoyin Marikh, ka yi haƙuri, rigunan kore da fari ne. Bas ɗin a ajiye take, ba ta ba ni komai ba. Amma yaron da ke riƙe da ƙwallo a gaba Inna ta ce ƙanena ne, wanda aka haifa a 1972, kuma a hoton bai wuce shekara shida ko bakwai ba. Zan sa 1978 ko 1979.

Saura mutum biyu a hoton farko da ba a rubuta sunansu ba, Inna ma ba ta gane su ba: mai tsaron gida, dogo mai hular saƙa, da na ƙarshe a hagu cikin na tsaye, mai tsage uku a kumatu. Duk wanda iyayensa suka zauna Madani a farkon shekarun 1960, ya yi mini magana in tura masa ya nuna musu.

Tsohon mai hoto, Bur Sudan, ya rubuta:

Madalla ɗana. Yanzu ka rubuta duk wannan a takarda dabam, da dalilin kowace shekara da wanda ya faɗa maka, ka ajiye tare da hotunan. A bayan hoto kada ka sa biro, tana cin takarda ta ɓullo gaba, fensir mai laushi kawai. Kada ka bari a manne maka su cikin roba da zafi, idan an yi ba a cirewa. Ka raba su da farar takarda, ka fitar da su daga gwangwanin nan kafin damina, Gadarif akwai laima kuma ƙarfe yana tsatsa. Idan za ka ɗauka da waya, a inuwa, ba walƙiya, gaba da baya duka. Masu sa wa tsohon hoto kala da waya kuwa ka bar su, na'urar ƙagen launi take yi, za ta iya mayar muku da kore shuɗi.

Mai tsaron gidan nan ka turo mini shi. Akwai wani dattijo ɗan Madani da muke sallar asuba tare a nan, ya yi aikin jirgin ƙasa, ya ce shi ma ya tsare gida a ƙuruciyarsa. Zan nuna masa gobe in Allah ya kai mu.